Miya Ba Gishiri

A damunar da ciwon zuciya ya kwantar da Baba ina koyarwa a wata firamare a Dutsin-Ma, don haka ni aka ɗora wa jinya, tunda ni ce mai jin Turanci a gidanmu. An kai shi babban asibiti a birni, aka kwantar da shi a ɗakin masu ciwo mai tsanani, inda ake sa wa mutum robar iska a hanci, dangi kuwa sai dai leƙe ta taga.

Da kumburin ƙafafunsa ya saɓe, likita ya kira ni. Ya ce a ƙa'ida babban ɗaki ya kamata a mayar da Baba ya ƙara hutawa, amma ɗakin ya cika har ana shimfiɗa wa marasa lafiya tabarma a ƙasa, gida ya fi masa. Ya ce Baba zai iya ƙara shekaru masu yawa, in dai ya sha ƙwayoyinsa, ya kuma rabu da gishiri da kanwa. Wata nas Kirista ta biyo ni har bakin mota tana nanatawa: "Malama, gishiri ko ɗan ƙanƙani kar ya shiga bakinsa."

Na ɗauko shi ina murna. Ban yi lissafi da mutanen garinmu Birchi ba.

A wajenmu kowa ya san tsarin asibiti, musamman waɗanda ba su taɓa taka ƙofarsa ba. Mai warkewa babban ɗaki ake kai shi, dangi su yi ta zarya da kwanonin abinci. Wanda kuwa aka ciro daga ɗakin na'urori aka miƙo gida kai tsaye, to an gama da shi, an sako shi ne ya cika a ɗakinsa. Kafin mu sauke kaya mata sun cika tsakar gida, maza na shiga ɗaya bayan ɗaya suna neman gafara.

Na yi wa Baffa, yayan Baba, bayanin abin da likita ya faɗa. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Ɗiyata, mi kike so ya ce miki? Mutumin kirki ba shi faɗa wa mace irin wannan magana."

Al'adarmu kuma ita ce, wanda ake ganin zai tafi ba a hana shi abin da ransa ke so. Maƙwabta suka buɗe hannu. Wannan ya aiko da bandar kifin dam ɗin Zobe, wancan da kilishi, Gwaggo ta yi miyar kuka da kanwa da daddawa yadda yake ƙauna. Ni ina gefe ina dafa tawa miyar salam, ba gishiri ba kanwa, ana kallona kamar mai rowa. Na yi faɗa, na yi kuka, na ɓoye kwanoni. Ranar Litinin in koma makaranta, kwanonin su fito.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne Baba ma ya yarda da su. Wata Asabar na ajiye masa miyata, ya ɗanɗana, ya ture kwanon a hankali.

"Allah shi yi miki albarka," in ji shi. "Amma ki bar ni in tahi da ɗanɗano a bakina."

Ƙafafun suka sake kumbura. Na ce a mayar da shi asibiti, Baffa ya ce ba a wahalar da mutum sau biyu. Baba ya rasu gero na fitar da kai.

Ranar sadakar uku ina ɗaki ina amsa gaisuwa, muryar Baffa na shigowa daga ƙofar gida. Yana gaya wa baƙin da suka zo daga Kurfi cewa likitan nan ya san aikinsa, tun ranar da ya sallamo Baba ya ga abin da zai faru. Suka ce ƙwarai kuwa, Allah ya saka masa da alheri.