Wasan Ƙarshen da Ya Raba Koci da Lanham

Shekara shida ke nan da rasuwar abokina Istifanus, wanda mu 'yan ƙwallon Asabar na Lanham muka fi sani da Koci. A Kafanchan ya rasu, a can aka binne shi, alhali matarsa da 'ya'yansa biyu suna nan Maryland. Ba son ransa ne ya mayar da shi gida ba. Kallon ƙwallo muka tafi Turai ni da shi, na dawo, shi bai dawo ba. An sha tambayata yadda abin ya faru, nakan taƙaita amsa don kada in fama wa iyalinsa ciwo. Bana matarsa Rifkatu da kanta ta ce in rubuta, tunda yaran sun girma, gara su ji daga bakin wanda aka yi abin a gabansa.

A filin wata makaranta na fara ganinsa, ina sabon zuwa daga Zariya, na samu aikin injiniya a Gaithersburg, ban san kowa ba. Ina tsaye a bakin fili sai na ji wani ya daka wa ɗan wasa tsawa da Hausa: "Ba shi mana! Ko gadon gidanku ne?" Na juya na ga wani dogon mutum da usur a wuya, hannuwansa duk baƙin mai. Kafin a tashi wasa ya san sunan unguwarmu a Zariya, ya kuma laƙaba mini Alhaji, tun ban je Makka ba. Ni Musulmi, shi Kirista daga kudancin Kaduna. A shekarun da garuruwanmu suke ci da wuta, mu muna kan kujera ɗaya a ɗakinsa na ƙasa muna yi wa alƙalin wasa ɗaya Allah-ya-isa, domin ƙungiya ɗaya muke goya wa baya tun muna yara.

Aikin safiyo ya karanta a Kaduna. Ya shigo Amurka da bizar ziyara don wani ɗan kwas, kwas ya ƙare, shi bai koma ba, takardu suka mutu a hannunsa. Daga nan ya zama mai canza taya da baƙin mai a wani gareji. Wanda bai zauna da irin waɗannan mutane ba ba zai gane yadda babbar ƙasa take iya komawa ɗan ƙaramin ɗaki ba. Koci bai taɓa tuƙi ya wuce ƙa'ida ba, ko da kuwa na bayansa za su fasa masa kunne da hon. Idan aka yi biki a Woodbridge, gari mai ɗan nisa da mu, sai dai wani ya ja motar, shi ya zauna a baya. Bai shiga jirgin sama ko zuwa wata jiha ba. Da ya hango motar 'yan sanda, maganar bakinsa takan ɗauke har sai ta wuce. Ranar da aka binne mahaifinsa, a cikin motarsa ya zauna bayan gareji, waya a kunne, yana jin waƙoƙin jana'iza daga nesa. Da aka gama ya share ido ya koma ƙarƙashin motar da yake gyarawa.

Ƙwallo ce kaɗai tagarsa. Wasannin Turai da safe suke zuwa mana nan. Rifkatu, wadda nas ce, takan dawo daga aikin dare ta tarar da mu mun cika ɗaki, ta soya mana ƙosai tana faɗa, sannan ta haye sama ta kwanta. Koci ya san filayen Turai kamar a can aka haife shi: inda magoya bayan baƙi suke zama, tashar jirgin ƙasan da ake sauka, titin da ake bi a taka zuwa ƙofa. Bai taɓa ganin ko ɗaya ba sai a talabijin.

Sai abubuwa biyu suka haɗu a shekara ɗaya. Rifkatu ta zama 'yar ƙasa, ta shigar masa da neman takardun zama, kuma kafin a yanke hukunci aka ba shi izinin tafiya na wucin gadi. A watannin nan ne kuma ƙungiyarmu ta kai wasan ƙarshe na kofin Turai, abin da muka daɗe muna jira har wasu sun fid da rai. Na shiga ƙuri'ar tikiti ta magoya baya ba da wani sa rai ba, sai ga guda biyu sun fito mini.

Da na faɗa a ɗakin kallo, kowa ya ɗauki ihu ban da shi. Sai da aka watse ya rako ni mota ya ce, "Alhaji, na biyun na waye?"

Na ce ban yanke ba tukuna.

Ya ce, "To ka yanke. Nawa ne."

Lauyarsa ta gaya masa gaskiya. Ta ce takardar ta ba shi damar fita, amma ita ba ta ba shi shawara ba, domin shekarun da ya yi ba bisa ƙa'ida ba suna iya tasowa da zarar ya tsallake. Na maimaita masa hakan, fastonsu ma ya maimaita. Rifkatu kuwa a gabana ta ce masa, "Baban Dauda, duk haƙurin da muka yi, saura ƙiris, sai ka zubar da shi a kan ƙwallo?"

Ya ce mata, "Ba a kan ƙwallo ba ne kawai. Idan na fita na 'yan kwanaki na dawo lafiya, na san ƙofar a buɗe take. Kirsimeti sai in ɗauki yaran nan in kai wa Mama ta gansu. Ba na so in sake jin wata jana'iza ta waya."

Ba ta amince ba, amma ita ta shirya masa jaka.

Ban taɓa ganin mutum ya canza a cikin awannin tafiyar jirgi kamar yadda Koci ya canza ba. Da jami'in can ya buga masa hatimi a fasfo, ya tsaya yana kallon shafin har na baya suka fara tsaki. Da muka fita cikin gari, mutumin da motar 'yan sanda take ɗauke wa magana ya nufi wani ɗan sanda kai tsaye ya tambaye shi hanyar filin wasa, hanyar da ya fi ɗan sandan sani. Na ce, "Koci, me ke nan?" Ya ce, "Bar ni, Alhaji, so nake in ji yadda ake yi." Ya ƙi yarda mu hau mota. Da ƙafa muka zaga garin har tafin ƙafata ya yi ruwa. A dandalin da magoya bayanmu suka taru, wani tsohon Bature mai ƙaton ciki ya rungume shi ya ɗaura masa gyalen ƙungiya a wuya, ba tare da ya tambaye shi daga ina yake ba. A wata 'yar kwana muka haɗu da samari daga Maraɗi suna sayar da tutoci, ya tsaya suka yi ta hira kamar 'yan gida ɗaya.

Da muka haura matakala, filin ya buɗe a gabanmu, kore shar, sai ya kama hannuna ya riƙe gam. Ya ce, "Ashe ƙarami ne." Ni ma abin da na gani ke nan. Mu muka fara ci, aka farke, ana dab da tashi suka ƙara mana ɗaya. Muka yi rashin kofi. Manyan mutane suna kuka a kusa da mu. Shi kuwa yana zaune yana murmushi, sai da ma'aikata suka zo suka ce mu tashi.

A filin jirgin da muka sauka a nan, layinmu ya bambanta. Na wuce, na tsaya ina hangensa. Jami'in ya duba takardarsa, ya duba na'ura, ya kira wani. Kafin su shiga da shi wani ɗaki na gefe, ya miƙo mini ledar rigunan ƙwallon da ya saya wa yara ya ce, "Riƙe mini, yanzu zan fito." Na fito na tarar da Rifkatu da babban ɗansu Dauda da ƙaramar, Hannatu, wadda lokacin ba ta wuce shekara uku ba. Muka zauna muna kallon ƙofa tana buɗewa tana rufewa, mutanen jirginmu suka ƙare, na wasu jirage suka fito suka ƙare. Da yamma wayar Rifkatu ta yi ƙara. Ta saurara, ba ta ce komai ba sai "To. To." Sannan ta zauna a ƙasa, a tsakiyar mutane, da kayan aikinta a jiki.

Ni ba lauya ba ne, har yau ban gama fahimtar dalilan ba. Abin da na sani shi ne an mayar da shi ta hanyar da ya zo, daga can sai Abuja, kuma an rufe masa ƙofa na shekara goma. An ɗaukaka ƙara, an nemi sassauci, coci ta taimaka, masallacinmu ma ya taimaka. Ba abin da ya motsa.

Haka ɗaurin ya juya. Da yana ciki ba ya iya fita, yanzu yana waje ba ya iya shiga. Rifkatu ta so ta tattara ta koma, ya hana ta saboda karatun yara da kuma albashin da gidaje biyu suka dogara da shi. Ita ma sai ta shiga nata kurkukun: aiki, makaranta, aiki. Ya buɗe gidan kallon ƙwallo a Kafanchan, rumfar kwano da bencina da janareta. Kullum yakan kira yaran kafin su tafi makaranta, yana yi musu Hausa suna amsawa da Turanci, amsar tana ƙara gajarta shekara bayan shekara. Sun je masa hutu 'yan lokuta. Dauda ya daina buga ƙwallo gaba ɗaya, ko tashar aka kamo yakan bar ɗakin.

Da na je gida wata shekara, na bi ta wurinsa. Ya rame, furfura ta fito. Muna zaune a rumfar da rana ba kowa, na yi masa tambayar da na daɗe ina riƙe da ita: ko ya yi nadama.

Ya gyara zama a kan benci. Sannan ya ce, "Hannatu ta fara karatu ban gani ba. Dauda ya fara aske gemu, wani ne ya nuna masa. Wannan kullum yana cina. Amma Mama a hannuna ta cika, ni na rufe mata ido. To ka gaya mini, Alhaji, wanne zan mayar in karɓi wanne?"

Bayan shekara guda hawan jini ya kayar da shi a bakin rumfar yana jan igiyar janareta. Kafin Rifkatu ta sauka Abuja ya cika. Lokacin wa'adin shekara goman bai wuce rabi da kaɗan ba.

Da yana raye, da tuni shekarun sun cika. Nakan tambayi kaina wace Lanham zai tarar. An rushe garejin an gina shaguna. 'Yan ƙwallon Asabar yanzu gwiwa ta hana mu gudu, 'ya'yanmu ne a fili, kuma ba mai daka musu tsawa da Hausa. Ba a taruwa a ɗakin kowa, kowa da wasansa a tafin hannu, yana kallo shi kaɗai a cikin mota. Ina jin wannan zai fi ba shi haushi. Abin da ba zai ba shi mamaki ba shi ne har yanzu akwai irinsa da yawa a tsakaninmu, yau ma tsoron ya fi na da. Muna sallah sahu ɗaya da wasunsu, wasu suna waƙa a coci, suna ƙin zuwa biki idan da nisa, mu kuma muna yi kamar ba mu san dalili ba. Idan mahaifin ɗayansu ya rasu, mukan je mu zauna da shi, mu yi shiru yayin da yake riƙe da waya.

Mutane sun kasu biyu a kansa. Wasu suna cewa ganganci ya yi, ya sayar da iyalinsa a kan wasa. Wasu suna cewa mutum ne da numfashi ya ƙare masa, ya leƙa waje don ya sha iska. Na zauna da duka biyun, kuma akwai ranakun da nake tare da na farko. Rifkatu ba ta cikin kowane ɓangare. Ta ce mini ta gama fushi da shi tun yana raye, abin da ya rage mata kewa ce kawai. Ta tsaya ta raini yaran ita kaɗai. Dauda yana jami'a, yana da fasfon da zai kai shi kusan ko'ina a duniya, amma in ban da Kafanchan bai taɓa zuwa ko'ina a ƙetare ba, kuma ban tambaye shi dalili ba.

Koci bai bar gadon gida ba, bai bar na fili ba. Abin da ya bari yana wurin mutanen da suka san shi, kowa da guntun da ya samu, kuma guntun Hannatu ya fi na kowa ƙanƙanta. Kwanan baya na mayar da ita gida daga wani taro. Ta zama budurwa, doguwa kamar shi. Muna kan hanya ta tambaye ni, da Hausarta mai tuntuɓe, "Kawu, Babana yana ɗaga murya kuwa?" Ta ce ita mutum mai sanyin magana ta sani, wanda kullum yake cewa ta yi haƙuri, ta ji maganar mamanta.

Na gaya mata cewa a ranar wasan, da dubban mutane suka ɗauki waƙar ƙungiya, babanta ya manta baitocin tsabar murna. Sai ya hau kan kujera ya rera wata waƙar cocinsu da Hausa a kan karin tasu, da ƙarfin da ya sa layi uku na gabanmu suka juyo suna tafa masa. Ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Sannan ta juya tana kallon taga. Muna dab da kwanar gidansu ta ce, "Kawu, kada ka tsaya tukuna. Zagaya. Sake faɗa mini daga farko."

Na wuce kwanar. Allah Ya ji ƙan Koci.