Kaset ɗin Yaya ya yi magana a Alƙahira

Ana kiran assalatu muka bar gida, ni da abokina da zai je a duba masa ido a Alƙahira. Shi ya cika jaka da kilishi, ni kuwa abin da na fi ji da shi yana aljihun gaban rigata, naɗe cikin hankici. Tsohon kaset ne na rediyo. A filin jirgin Kano, ma'aikacin da ya caje ni ya jujjuya shi ya ce, "Alhaji, har yanzu akwai irin wannan?" Na ce na marigayi Yayana ne. Sai ya miƙo mini da hannu biyu.

Bari in gaya muku asalinsa. Muna yara, talabijin ɗaya ce a layinmu, ta gidanmu, marar kala. Ranar da za a nuna damben Amurka sai a fito da ita tsakar gida, takalma su taru a zaure kamar ƙofar masallaci. Ba mai jin Turancin Amurkawa sai Yaya, don haka shi ne tafinta. Bature ya faɗa, Yaya ya juya mana. Wata rana ya ajiye rikodarsa kusa da talabijin, ya ɗauki damben a kan kaset ɗinsa na waƙoƙin makiyayan Amurka, masu jita da faffaɗar hula. Tun da ya rasu, muryarsa ba ta ko'ina sai cikin wannan kaset, zaren kuma ya manne. Masu gyara a Kano duk sun ƙi taɓawa. 'Yata da ke karatu a Alƙahira ce ta ce ta san wani tsoho mai gyara.

Na yi yawo, amma Alƙahira ta sa na yi shiru. Gada a kan gada, hon ba ya yankewa, ga Nilu kwance a tsakiya kamar bai san ana hayaniya ba. A unguwar Abbasiya 'yata ta tarbe mu da koshari: shinkafa, taliya, wani ƙanƙanin wake da soyayyar albasa, duk a kwano ɗaya, kuma da araha. Abokina ya ce mai dafawar ce ta rasa wanda za ta zaɓa. Kwano biyu ya ci.

Washegari muka bar shi a asibiti, muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, daga nan muka hau tuktuk, wato Keke Napep ɗinmu, sai dai direbansu ya fi namu rashin tsoron Allah. A wani lungu na Ard al-Liwa muka sami tsohon. Bahaushen Sudan ne. Kakanninsa sun taso a ƙafa za su Makka suka zauna a hanya, shi kuma yaƙi ya koro shi nan. Shagon bai fi ɗakin girki ba, amma na daɗe a tsaye a ƙofa. Tsofaffin talabijin har rufi, faifan garmaho, hotunan 'yan dambe da 'yan ƙwallon kwando da rana ta cinye. Duk Amurkar da na sani ina yaro tana cikin ɗakin nan.

Ya duba kaset ɗin a hasken ƙofa. "Ma'alish, sai haƙuri, ya Hajj. Sau ɗaya zai bi ta na'ura. Ko ya yi magana, ko ya tsinke bai ce komai ba. Ka yarda?"

Na kalli 'yata, wadda ba ta taɓa jin muryar baffanta ba. Na ce na yarda.

Tun hantsi har la'asar yana warware zaren da biro, a hankali kamar mai tsifar kan amarya. Sannan ya saka kaset ɗin a na'ura, ya jona ta da wayata don ta naɗi sautin, ya danna. Jita ta fara, irin mai sa mutum kewar garin da bai taɓa zuwa ba. Sai ta yanke. Ƙararrawa, ihun dubban mutane, Bature yana zuba. Sai Yaya.

"Ya ce baƙin ɗan damben nan ya rantse ba zai ci tuwo ba sai ya kayar da shi."

Tsohon, wanda ya daɗe yana aiki da Turawa, ya riƙe ciki don dariya. "Ya Hajj, tallar man aski ake yi a nan."

Ashe duk shekarun nan Yaya ƙirƙira yake yi, mu kuma layi guda muna gyaɗa kai. 'Yata ta ce, "Baba, ashe gado ka yi." Ban samu na rama ba, don wata siririyar murya ta fito, tawa ce: "Yaya, me ya ce?"

"Ya ce ka matso kusa da ni, can ba ka gani."

Nan zaren ya tsinke. Tsohon ya ɗaga wayar ya ce, "Khalas, shi ke nan. Ya shiga."

Mun je dalar Giza kafin mu dawo, na kuma ga abin mamaki, amma ƙaramin shagon nan ya fi tsaya mini a rai. Da muka sauka Kano na tara 'yan gidanmu a tsakar gida, takalma a zaure, na kunna wayar. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, Amurkar da nake kewa ba ta taɓa zama a Amurka ba. Yaya ne ya gina mana ita da bakinsa. Da aka zo inda ya ce in matso, sai na ga kowa ya ɗan ja tabarmarsa gaba.