Baba Dako a Hawa na Bakwai

Ginin hawa goma sha ɗaya ne, gilashi tun daga ƙasa har sama. Banki ne a ƙasa, sai ofisoshin lauyoyi da na wani kamfanin inshora, sannan kulob ɗin motsa jiki da ya cinye hawa na bakwai da na takwas. Da na dawo daga karatu na kama aiki a ɗaya daga cikin ofisoshin, aka haɗa mini katin shiga kulob ɗin da makullin teburina. A can na san mutumin da kowa ke kira Baba Dako.

Aikinsa ɗaya ne, mayar da ƙarafa mazauninsu. Masu ɗaga ƙarfe sukan gama su watsar da su a ƙasa su wuce wanka, shi kuma ya bi yana tsincewa, yana goge gumin da aka bari a jiki, yana jerawa daga ƙarami zuwa babba. Gajere ne mai kaurin wuya, tsakiyar kansa ba gashi ko ɗaya, kaya ne suka cinye shi. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana dako a babbar kasuwa. Likita ne ya raba shi da ita: ya nuna masa hoton ƙashin bayansa, ya ce idan ya ci gaba da ɗaukar buhu, wata rana zai kwanta ya kasa tashi. Babbar 'yarsa, wadda ke zaune a teburin karɓar baƙi na kulob ɗin, ita ta yi ta roƙon manaja har aka ɗauke shi. Ƙarafan nan wasan yara ne a wajensa, ga inuwa, ga sanyin na'ura. A duk garin babu wani aikin da bayansa zai iya kuma a yarda a ba mutum mai shekarunsa.

Ranar da muka fara magana ina kwance ne a kan benci, ina tura ƙarfe sama karo na takwas, hannuwana suna rawa. Sai kawai na ji nauyin ya ɓace. Na ɗaga ido na ga tsoho tsaye a kaina, ya riƙe sandar ƙarfen kamar wanda ya ɗauki tsintsiya.

"Sannu, ɗana," ya ce. "Ai sai ka yi magana a kama maka."

Na ce masa da gangan nake yi, wahalar ita ake nema.

"To ina za ka kai shi?"

"Ba inda zan kai shi, Baba. Ɗagawa zan yi in ajiye."

Ya dube ni, ya dubi ƙarfen, ya mayar da shi kan maratayinsa a hankali. "Allah ya ba da lada," ya ce, ya wuce.

Daga baya, a matakalar baya inda ma'aikata ke shan iska, ya yi mini bayani. A kasuwa, idan ka ga gwiwar mutum tana rawa a ƙarƙashin kaya, ba a tambaya, hannu ake sawa. Ko maƙiyinka ne. Wanda ya gani ya wuce, gobe shi ma zai tsaya gaban buhunsa har rana ta take, ba mai ɗora masa a ka. "Ba ni nake yi ba," ya ce, yana duban tafin hannunsa. "Kafin in yi tunani sun riga sun je."

Ba ni kaɗai ya kama wa ba. Koci, mai horar da masu motsa jiki, ya ja masa kunne sau ɗaya cikin raha. Da ya sake yi wa wani lauya, lauyan ya kai ƙara, manaja ya kira shi ofis ya ce saura ɗaya. Na ji 'yarsa tana yi masa faɗa ƙasa-ƙasa a bakin lif.

"Baba, don Allah. Mutanen nan don su sha wuya suke zuwa. Ka bar su su sha."

"Ke ba ki ga fuskarsa ba ne. Jijiyar wuyansa kamar igiyar rijiya."

"Ko ta tsinke ba ruwanka. Akwai koci. Kai ƙarfen da ke ƙasa ne naka, wanda ke hannun mutum ba naka ba ne."

"To, uwata. Na ji."

"Kullum ka ji."

Ya kuwa yi ƙoƙari. Ya koyi tsayawa da hannuwa a baya, na dama ya damƙe wuyan na hagu. Idan wani ya fara nishi sai ya juya ya fuskanci gilashi, yana kallon motocin da suka cunkushe a titi can ƙasa. Wata huɗu ya yi a haka. Ya ce mini a kasuwa yakan koma gida jiki a mace amma ya yi barci kamar jariri, a nan kuwa yana komawa ba abin da ya ɗauka, kafaɗunsa a ɗaure. Matarsa har tsokanarsa take, wai ya je ya wuni a firji ya dawo yana kukan gajiya.

Akwai wani matashi ma'aikacin bankin ƙasa da ke zuwa lokacin hutun rana. Ya daɗe yana ƙara nauyi kaɗan-kaɗan, yana harin wani adadi da ya sa wa ransa. Ranar da zai gwada ya kafa wayarsa a kan kujera tana ɗaukar bidiyo, abokansa biyu suna tsaye. Koci yana hawa na takwas da wata ƙungiyar mata. Matashin ya saɓa sandar a kafaɗa, ya durƙusa, ya fara miƙewa, ya tsaya a rabi. Ina kan injin gudu ina gani. Ni dai ban ga komai ba sai mutum yana fama. Baba Dako ya ce shi ya ga ƙugun ya karkata hagu, kuma ya san abin da ke biyo bayan wannan karkatar, don ya ga mutum uku da ta kwantar a kasuwa.

Taku uku ya yi. Ya shiga bayan matashin ya tallabe sandar, ya mayar da ita kan marataya.

Matashin ya juyo yana haki. "Wa ya sa ka? Na ce wa ya sa ka?"

"Yi haƙuri, yallaɓai. Bayanka ne zai tafi."

"Kai likita ne? Wata shida nake shirin wannan. Da ka bar ni da na tashi da shi."

Wataƙila da ya tashi ɗin. Ba wanda zai iya rantsuwa. Na bi su ofishin manaja na faɗi abin da na gani, wanda ba shi da yawa. Manajan ba mugu ba ne, mutum ne da ya gaji, mai ƙaramin ofis ba taga. Ya saurare ni, ya murza idanunsa.

"Baba, na yarda da kyakkyawar niyya ka yi. Amma ba zan iya barin ka a sama ba. Mutum uku ke nan. Saboda 'yarka ba zan ce ka tafi ba. Akwai gurbi a wajen tawul, idan kana so."

Wajen tawul yana ƙarƙashin ƙasa, bayan inda ake ajiye motoci. Ana tara jiƙaƙƙun tawul a manyan buhuna, a sauko da su, a hau da wankakku. Lif ɗin kaya yakan yi kwana biyu yana aiki ya yi uku a tsaye, na jama'a kuwa an hana ma'aikata shiga da kaya. 'Yarsa ta ce ya haƙura ya zauna a gida. Ya ce ƙannenta uku suna makaranta, ba zai zauna ya zuba mata ido ita kaɗai ba.

Na riƙa haɗuwa da shi a matakala, buhu a ka, hannu ɗaya a bango, yana tsayawa a kowane hawa. Na taɓa cewa in karɓa masa. Ya yi dariya ya ce in rufa masa asiri, kada ni ma a kai ni ofis.

Sati biyar ya yi. Wata safiya ya sunkuya zai ɗaure takalmi, bai miƙe ba sai da maƙwabta biyu suka kama shi.

Na je duba shi ranar da ba aiki. Gidansa ɗaki biyu ne a bayan wani garejin gyaran mota. Yana kwance a ƙasa a kan siririyar katifa, an sa masa filo a ƙarƙashin gwiwoyi. Matarsa ta kawo mini ruwa, ta ce ga abokinka nan, ya hana kowa sakat, ko tukunya aka ɗauka sai ya ce ba haka ake ɗauka ba. Ya ce likita ya ce zai tashi, zai yi tafiya, amma shi da kaya har abada, ko bokitin wanka. An riga an ɗauki wani a wajen tawul.

Na tambaye shi abin da zai yi.

"Surukina ya ce akwai wani kanti da ke neman mai gadin ƙofa da rana," ya ce. "Wai kujera za a ba ni, in zauna tun safe har yamma in riƙa duban masu shiga da fita." Ya kalli rufin ɗakin. "Ban taɓa aikin zama ba. Ko ana koya, oho."

Matarsa ta ce ya fara koyon kwanciyar tukuna, ta gyara masa filon.