Ranar da na zamo daga kan dutse

Shekarun baya, ban jima da fita takaba ba, babbar ɗiyata da ke aure a Faransa ta matsa sai na je na huta a wurinta. Ni malamar lakol ce, wato makarantar boko, a Gazawa, ban taɓa wuce Yamai ba, sai ga ni cikin jirgi.

Na iske sun shirya hutu a wani ƙauye can bisa duwatsu, inda ƙanƙara ta rufe komai fari fat. Mutane na ɗaura dogayen alluna biyu a ƙafa, su riƙe sanduna, su zamo daga sama har ƙasa. Siki suke ce masa.

Surukina, mutumin Cadakori mai kunya, ya ce, "Inna, ga shayi ga bargo, ki zauna bakin taga ki yi kallo."

Tun rasuwar maigidana abin da nake ji ke nan daga kowa: zauna, huta, aje a ɗaukar miki. Na ce, "A kai ni wurin mai koyarwa."

Ɗiyata ta zaro ido. "Inna, in kika karye fa?"

"Sai a ɗora ni. Kaina aka fara?"

Mai koyarwar wata siririyar mata ce, sa'ar ɗiyata. Na sa wando mai kauri, na ɗora riga har gwiwa, na cusa hijabi cikin hular kwano. Takalman kuwa kamar an daɓe ƙafafuna da siminti. Ajin duk yara ne. Ni da na saba tsayawa gaban allo, na bi layi bayan ƴan shekara shida.

Darasin farko shi ne yadda ake faɗuwa da yadda ake tashi. Faɗuwar dai na iya ta tun kafin a gama bayani. Sannan birki: a haɗa kan allunan, a ware bayansu. Duk sanda na fara tafiya sai na ja jiki baya, na zauna daɓas.

"Madam," in ji malamar, "tsoro ke jan ki baya, shi ya sa allunan ke gudu da ke. Ki ba gangaren ƙirji."

Na sha ƙasa har na daina jin kunya. Cinyoyina suka yi tsami, sallah ma sai a zaune. Ɗiyata na shafa mini man zafi tana roƙo in bari haka, gari na wayewa ni ce farkon fita.

Gab da mu dawo, malamar ta ce na isa hawa. Muka shiga wata kujera da ke tafiya a jikin waya tana kai mutane saman dutse. Da muka sauka a sama, na leƙa gangaren. Na yi bisimilla na saki jiki. Iska na dukan fuskata, na karkata dama, na karkata hagu, allunan suna bin umarnina. A tsakiyar hanya na wuce surukina kwance, ƙafafu sama, yana ce mini, "Sannu Inna!"

Dariya ta ƙwace mini, da ita na isa ƙasa. Na taka birki a gaban ɗiyata, sai na ga hawaye a idonta.

"Inna, wallahi na manta yadda dariyarki take."

Ban zama gwana ba, kuma ban sake ganin ƙanƙara ba sai ta cikin kular mai sayar da ruwa. Amma na gane ba ƙarfina ne ya ƙare ba, tausayin mutane ne ya zaunar da ni. Ina dawowa gida na sa aka fito da babur ɗin marigayi daga zaure, ƙanena ya koya mini. Yanzu ranar kasuwar Gangara ni ke kai kaina, wani lokaci har da maƙwabciyata a baya, tana salati tun daga ƙofar gida.