Dangin Karim a Birmingham

Manchester

Na bar unguwarmu ta Cheetham Hill bayan sallar asuba, ana yayyafi. Malama Helen, mai koya mana karatun Turanci a ajin manya, ita ta shirya mu je Birmingham taron masu koyo irinmu. Tun a gida na ƙudura cewa daga wannan tafiyar na bar ajin. Shekarata ta uku ke nan ina fama, ga Karim, ɗan Afganistan da ya zo bara, har ana maganar ƙara masa aji.

A bas kuma kusa da shi aka ajiye ni. Ya miƙo min gurasa da shayi.

"Malam Sani, ka ci mana, fuskarka kamar an ƙwace maka gida."

Na karɓa, amma ban yi dariya ba.

Birmingham

Da hantsi muka isa. Wata dattijuwa ta zana babbar bishiya a allo, ta ce Turanci da Farisanci, harshen su Karim, da harsuna da yawa duk daga tsatso ɗaya suka fito, tun zamanin da ba a rubutu. Ta ce "brother", Karim ya miƙe ya ce su "baradar" suke cewa. Ta ce "mother", ya ce "madar". Ta ce "daughter", ya ce "dokhtar". Aka yi ta tafa masa.

Na bi rassan nan da ido har ƙarshe, ban ga namu ba. Na ɗaga hannu.

"Hajiya, Hausa fa?"

Ta ce tamu bishiyar daban ce, can wajen su Larabci. Raina ya ƙara ɓaci. Ashe gidan danginsu Karim ya zo, ni ne baƙo. Ko shinkafar da aka raba ban ji daɗinta ba.

Komawa

Malama ta tsaya wajen yayarta, ta ce mu biyu mu nemi motarmu, ai mun girma. A tasha Karim ya tsaya gaban allon motoci, sai ya matso kusa da ni.

"Ɗan'uwa, karanta mana. Ni da kunne nake kamawa. Idona har yau daga dama yake farawa."

"Danginka ba su rubuta maka da Farisanci ba?"

"Dangin baki ne kawai, wallahi."

Na yi yadda nake yi da kwalaye a sito inda nake aiki: na ɗaga yatsa, harafi bayan harafi, ba gaggawa. Mutane na ture mu. Can na tsinto Manchester, na ga ƙofar da za mu bi. Muna shiga direba ya rufe.

Bayan magariba na iso gida lafiya, na gode wa Allah, na gode wa Malama. Uwargida ta ce, "To, an bar ajin?"

Na ce ta ajiye min jakar karatuna a bakin ƙofa. Tafin nan da aka yi wa Karim har yanzu yana cina, kuma ba zan bar masa ajin shi kaɗai ba.