Mushe Isufu da Takardun Jikin Ƙofa

Ku da kuka yi aiki da Mushe Isufu, wato Malam Isufu, kun san ba ya baro gida sai da gam a aljihu. Shi ne mai gyaran kwamfuta a ma'aikatarmu ta Kalley, kuma ba ƙofar da ya ƙyale. Kowace sai da ya liƙa mata ƴar takarda mai zanen baƙi da fari kamar saƙar tabarma. Kana haska ta da salula, sai ta haɗa ka kai tsaye da mai maganin matsalarka, ko wuta ce ko takardar zuwa asibiti. A ta ƙofar bayi lambar wayarsa ya sa, don kowa ya ƙi karɓar aikin.

Kafin zuwansa, ko ƙwan lantarki ne ya mutu sai ka rubuta takarda kofi uku, ta bi ta sakatariya, ta hau bene, ta kwana a teburin darakta. Abin yana ƙona masa rai. Kullum cewa yake, "Mai ciwo ba ya hawan bene."

Gidansa na Harobanda ma bai tsira ba. Ranar wani suna matarsa, Hajiya Rakiya, ta kawo mini ƙara.

"Hadiza, ko gishiri ne ya ƙare sai na haska takardar ƙofar kicin."

Ya leƙo ya ce, "Kin taɓa miya ba gishiri?"

Ta ce, "A'a."

"To."

Sai aka kawo mana sabon darakta, mutumin da in ba a roƙe shi ba abinci ba ya masa daɗi. Ya ce wane irin raini ne mai shara ya kai kuka bai bi ta kansa ba? A cire duka. Isufu ya ɓamɓare su da hannunsa yana ƙwafa. Ba a yi mako ba kwamfutar darakta ta mutu, ga baƙi suna jira.

"Isufu, zo maza!"

"Ranka ya daɗe, a rubuto kofi uku."

"Wa zai sa hannu?"

"Kai. Amma sai ta bi ta sakatariya tukuna."

Mun yi dariya har da hawaye. Takardun ƙofa dai ba su dawo ba.

Da ciwo ya kwantar da Isufu, likita ya ce aiki za a yi masa, a kawo takardar da ma'aikata ke bayarwa ta ɗaukar nauyin jinya. A da, haskawa ɗaya, kafin azahar ta fito. Ni na yi ta hawan benen nan. Darakta ya tafi Maraɗi, hatimi na kulle a teburinsa, ki dawo gobe. Ranar sadakar uku aka buga hatimin, har aka aiko da takardar gidan makoki ba kunya. Na san kwana ne ya ƙare, amma wallahi har yau raina a ɓace yake.

Cikin takardun ƙofar nan guda ɗaya ta rage, a bayan ƙofar bayi, don darakta yana da nasa bayin. Rannan famfo ya fashe, na haska ta ban ko yi tunani ba. Sai na ji muryar Hajiya Rakiya.

"Hadiza ce? Me ya lalace?"

Ashe salularsa tana hannunta.

Allah ya jiƙan Isufu, ya kai haske kabarinsa, ya buɗe masa ƙofar Aljanna ba tare da jira ba. Amin.