Surukina da Ya Ci da Mu Sardin Ranar Biki

Kullum da sassafe, kafin a buɗe gidan burodi, za ka ji tarin injin kwalekwalen surukina Barba Dinko yana barin gaɓar tsibirin Lastovo. Shekara ashirin da biyar ke nan bai taɓa mashin sukar kifi ba. Gilashin ninkaya kawai yake ɗauka, ya nutse bakin kogon dutse ya duba kirniya, kifin nan mai ruwan ƙasa da ƙaton baki, wanda ke tsufa a rami ɗaya.

Jiya na bi shi. Jama'a, kirniya sha bakwai muka ƙirga! Har yanzu murna ba ta sake ni ba.

Bari in tona wa kaina asiri. A ƙauyenmu ango ne ke soko kirniya mafi girma a dafa ranar biki, wanda ya kasa kuwa ya shiga bakin mata. Shekarar da zan auri 'yarsa Nevenka, babba ɗaya tak ya rage a mashigin ruwanmu. Na wasa mashi na je, na tarar da Barba zaune kan dutsen.

"Ina zuwa, ango?"

"Barba, ai ka san al'ada. A bar ƙanana, a ɗauki babba."

"Wautarmu ke nan. Kowace kirniya mace take tasowa, sai ta haura shekara goma take rikiɗa namiji. Wancan tsohon shi kaɗai ne mijinsu. In ka kashe shi, wa zai maye gurbinsa? Kai?"

"To me baƙi za su ci?"

"Sardin. Bar mini kunyar."

Ya kuwa sha ta. Gwaggona Mande ta leƙa tukunya ta ce, "Ashe bikin kyanwa aka gayyace mu." Na yi wata ban gai da Barba ba.

Barba, kai ne gwanin mashin da babu kamarsa a tsibirin nan, ka rataye shi. Kai ne ka zauna kan dutsen nan bazara bayan bazara, kana mayar da masu mashi gida da fatar baki kawai. Yanzu likita ya hana ka nutso saboda kunne, jiya ce ta ƙarshe, kuma tsohon kifin nan ya fito ya tsaya gabanka, matansa na kewaya shi.

Na gode, Barba, ka yafe mini watan nan. Duk mai kogo kusa da shi, ya je ya zauna kan dutsensa.

Ranar Asabar za mu aurar da jikarka. Mande, da sandarta, ta riga ta ja kunnen angon: sardin.